Maɓallin da Ya Gagari Tsoho Liao

Duk kasuwar kwamfuta ta birnin Taipei an san Tsoho Liao. Bai taɓa zama a aji ba, gobara ta ci rumfarsa sau biyu ya miƙe, kuma shekara talatin babu na'urar da ta gagare shi. Tambaye shi ka sha labari.

Wata magariba, a watan da mutanen garin ke cewa matattu na yawo, yana saurin rufewa sai ga wata tsohuwa rungume da kwamfutar tebur kamar ta ɗauko faifai. Bai ji takunta ba.

"Maigida, maɓallin kunnawa ne ya ƙi."

"Iya, wannan ko ina barci zan gyara. Ajiye."

Ta ajiye, teburin bai ce uffan ba. Ƙaurin hayaƙi ya cika rumfar. Ya laluba notin da zai kwance, babu, sai gam. Ya danna maɓallin, yatsansa ya huda ya shige. Takarda ce da tsinken gora, irin wadda ake ƙona wa mamata a garin don ta isa gare su a lahira.

"Jikokina suka aiko mini," in ji ta. "Can wajenmu babu mai gyara. Ɗauko kayan aikinka."