Maki Talatin da Auta Ta Yi Alkawari

A birnin Katsina, a wani lungu da ke bayan hasumiyar Gobarau, akwai wata yarinya 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare. Ita ce ƙarama a gidansu, shi ya sa kowa ke ce mata Auta.

Tana da wa guda ɗaya, sunansa Nasiru. Dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga ƙofar zaurensu. Makarantarsu ɗaya. Shi yana ajin ƙarshe, kuma shi ne kyaftin ɗin 'yan ƙwallon kwando.

A shekarar nan ƙungiyar makarantar ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta cinye wasa biyar a jere a gasar makarantu, ta kai wasan ƙarshe. Za su kara da wata makaranta daga Batagarawa.

Makaranta ta ɗauka gaba ɗaya. Ba a hirar komai sai kofi. Wasu ɗalibai har sun fara gardamar inda za a ajiye shi, ofishin shugaban makaranta ko ɗakin karatu. Ba wanda ya kawo a ransa cewa za a iya cinye su. Cewa suke yi 'yan Batagarawa yaran ƙauye ne, ba su san kwando ba sai na tumatir.

Ba wanda ya kai Auta zaƙewa. Da can ba wanda ya san da ita. Yanzu kuwa har manyan 'yan mata na ajin ƙarshe suna kiranta su ba ta wurin zama. Abin ya yi mata daɗi ƙwarai. Wata rana a lokacin hutun tara ta hau kan benci, ta ce yayanta shi kaɗai zai ci maki talatin. Ta ce in bai ci ba, a canza mata suna.

Ta kuma ƙirƙiro 'yar waƙa ta koya wa ajinsu: "Nasiru, jefa! Kwando na jira!" Kafin kwana biyu duk makarantar ta iya.

Ana saura kwana uku wasa, Auta ta dawo daga Islamiyya da yamma. Ta tarar da Nasiru zaune a zaure shi kaɗai, ƙafarsa ta dama cikin roba mai ruwan ɗumi. Idon sawun ya kumbura suntum.

Ya gaya mata cewa bayan an tashi daga atisaye ya tsaya ƙara jifa, ya yi tsalle, ya sauka a karkace. Ba wanda ya gani. Ya ce gobe da safe zai je wurin Malam Babaji, mai horar da su, ya gaya masa ba zai iya bugawa ba.

Auta ta dube shi. Ba ƙafar ta tuna ba. Bencin da ta hau ta tuna, da idanun da suka kalle ta.

Ta ce, "Yaya, don Allah kar ka faɗa. Kowa kai yake jira. In ba ka buga ba cewa za su yi tsoro ka ji. Ni kuma mi zan ce masu?"

Nasiru ya ce, "Auta, ko takawa da ƙyar nake yi."

Ta fashe da kuka. Ta yi ta roƙonsa. Ta ce targaɗe ne kawai, kafin Asabar zai saki. Ta ce ita za ta riƙa dafa masa ruwa, ba wanda zai sani. Nasiru ba ya son kukanta tun tana ƙarama. Ya daɗe yana kallon ƙafar, sannan ya ce to.

Washegari Inna, mahaifiyarsu, ta lura da tafiyarsa. Ta tambayi Auta ko ta san abin da ya sami yayanta. Auta ta ce sabon takalmi ne ya matse shi. Inna ta yarda, domin Auta ba ta saba yi mata ƙarya ba.

Nasiru ya ɗaure ƙafar da bandeji, ya rufe da doguwar safa. A wurin atisaye ya ce wa Malam Babaji yana tattalin ƙarfinsa ne don Asabar.

Ranar Asabar bayan la'asar filin ya cika. Ɗalibai sun zo da ganguna da robobin bugawa. Auta na layin gaba, kusa da ƙawarta Fiddausi. Da Nasiru ya fito, waƙar ta tashi har ba a jin usur ɗin alƙalin wasa.

Aka fara. Ƙwallon farko ya zo hannun Nasiru. Ya jefa, ya daki bakin kwando ya dawo. 'Yan kallo suka ce ba komai, ɗumi yake yi. Ya jefa na biyu, bai ma kai ba.

Yaran Batagarawa ba su da tsayi, amma suna da gudu, kuma suna ba juna ƙwallo. Nan da nan suka gane Nasiru ba ya iya juyawa. Suka riƙa bi ta gefensa suna ci. Abokan wasansa kuwa sun saba komai shi ake miƙa wa. Da suka ga ba ya ci, duk suka rikice. Umair, wanda ke bi masa a iya jifa, ya ɓarar da ƙwallo uku a ƙarƙashin kwando.

Waƙar ta yi ƙasa, sannan ta mutu.

Da aka tafi hutun rabin lokaci, Auta ta hango Malam Babaji yana nuna ƙafar Nasiru yana tambaya. Nasiru ya ɗaga kai ya dubi wajen 'yan kallo, ya dubi inda take. Sai ya girgiza kai, alamar ba komai.

Ba a daɗe da komawa ba ya yi tsalle zai kamo ƙwallo. Da ya sauka, ƙafar ta ƙi ɗaukarsa. Ya zube a kan siminti. Ya yi ƙoƙarin tashi, ya kasa.

Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce ƙarya yake yi, kunya ce ta kwantar da shi. Sai wasu suka juya waƙar Auta: "Nasiru, tashi! Kwando ya gaji!" Dariya ta ɓarke. Aka fara jifan 'yan wasan da ledojin ruwa.

Fiddausi ta juyo ta ce, "Ke, ina makin namu talatin?"

'Yan ajinsu duk suka zuba wa Auta ido. Ta san gaskiya. Kalma biyu za ta faɗa su yi shiru. Amma tsoro ya kama ta. Ta taɓe baki ta ce da ƙarfi, "Ni ma ya ba ni kunya."

A daidai lokacin ne ake wucewa da Nasiru ta gabansu, mutum biyu na riƙe da shi. Ya ji. Ya dube ta sau ɗaya, ya kawar da kai.

Aka tashi wasa hamsin da takwas da talatin da ɗaya. Nasiru maki huɗu ya ci. Yaran Batagarawa suka ɗauki kofi suka shiga motarsu.

A asibiti aka ɗauki hoton ƙafar. Likita ya ce da farko targaɗe ne, da ya huta mako biyu da ya warke. Yanzu ƙashi ya tsage. Aka naɗe ƙafar da farin filasta mai tauri, aka ce ba zai taka ta ba sai bayan wata biyu. Likitan ya ce ba zai yi alkawarin zai sake tsalle kamar da ba.

Baba ya rufe shagonsa na yadi a Babbar Kasuwa ya taho. Da suka dawo gida ya yi wa Nasiru faɗa sosai. Ya ce babba da shi, ga jarrabawar ƙarshe na tafe, ya ɓoye ciwo saboda tafi. Ya tambaye shi ko akwai wanda ya sani. Nasiru ya ce babu.

Auta na bayan ƙofa tana ji. Ta koma ɗaki ta kwanta. Ranar ba ta ci tuwo ba.

A makaranta abin ya ƙara muni. Aka sa wa 'yan wasan suna 'yan asara. In Umair ya shigo aji, sai wani ya jefa takarda a kwandon shara, ya ce Umair ya zo a koya masa jifa. Cikin mako guda Umair da wasu uku suka mayar da rigunansu na wasa. Filin ya zama fayau da yamma. Ba wanda ya je gaida Nasiru, sai Malam Babaji.

A gida Nasiru bai yi wa Auta faɗa ba. In ta kai masa abinci sai ya ce an gode, shi ke nan. Da can shi ke duba mata lissafi, yana tsokanarta. Yanzu sai ya juya fuska bango. Ta gwammace ya zage ta.

Kwana tara tana ɗauke da abin. A na goma, tana taya Inna tsince shinkafa, sai hawaye suka fara ɗiga cikin faranti.

Inna ta ce, "Auta, mi ke damunki? Kwana nawa ina kallonki."

Ta faɗa mata komai. Ruwan ɗumin, da ƙaryar takalmi, da maganar da ta yi a fili.

Inna ta ajiye faranti. Sannan ta ce, "Da kin gaya mani gaskiya ranar, da yanzu yayanki na tafiya da ƙafarsa. Kin fifita bakin mutane a kan lafiyar ɗan'uwanki. Wannan ba ƙaramin laifi ba ne."

Auta ta tambayi yadda za ta gyara. Inna ta ce ƙashi sai Allah da likita. Amma sunansa da aka ɓata, a gaban mutane aka ɓata shi, can kuma ya kamata a wanke shi.

Da Baba ya dawo, Auta ta maimaita masa da bakinta. Bai dake ta ba. Ya ce gobe shi zai kai ta makaranta.

Da safe suka sami Malam Babaji da Malama Zulaihat, malamar ajinsu. Malam Babaji ya saurara har ƙarshe. Ya ce shi ma yana da nasa laifin, domin ya ga yaron na ɗingishi, amma son kofi ya sa bai matsa ba.

Malama Zulaihat ta tambayi Auta ko za ta iya faɗa a gaban taron ɗalibai. Ta ce ba dole ba ne. Auta ta ce za ta iya.

Ta tsaya a gaban taron ɗalibai. Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa.

Ta ce, "Yayana ba ƙarya ya yi ba. Da ciwo ya shiga fili. Ya so ya faɗa, ni na hana shi, don kar ku yi mani dariya. Maki talatin ɗin ma ba shi ya ce ba, ni na ce. Na kuma ce ya ba ni kunya. Ni ce abin kunyar."

Wasu yara biyu suka yi dariya, amma ba wanda ya taya su. Malam Babaji ya matso. Ya tunatar da ɗalibai cewa yaran da suke kira 'yan asara su ne suka ci wasa biyar suka kai makarantar inda ba ta taɓa zuwa ba. Ya ce wata shida suna gudu a rana, masu jifansu na zaune a inuwa. Ya ce 'yan Batagarawa sun fi su wasa ranar, kuma ba laifi ba ne a fi ka.

Da aka tashi, Fiddausi ta zo ta riƙe hannun Auta. Ta ce ita ma ta rera waƙar tsokanar, kuma tana son zuwa ba da haƙuri.

Ranar Juma'a da yamma zauren gidansu ya cika. Ɗalibai sun fi ashirin. Wasu sun kawo lemo, wasu sun kwafo masa darussan da ya rasa. Umair ma ya zo, ya ce ya karɓo rigarsa.

Bayan sun watse, Auta ta durƙusa kusa da tabarmar Nasiru.

Ta ce, "Yaya, ka yafe mani."

Ya ce, "Maganar da kika yi a fili ta fi ƙafar yi mani ciwo."

Ta ce ta sani.

Ya ce, "Na yafe. Ni ma ba ke kaɗai kika tura ni ba. Na girme ki, na san abin da ya dace. Ina son tafin nan ni ma." Ya miƙa hannu ya ce ta ɗauko littafin lissafinta, ya ji an ce ta ci uku cikin goma.

Auta ta yi dariya, hawaye na zuba.

Bayan wata biyu aka cire filastar. Nasiru ya rubuta jarrabawarsa ya ci. Likita ya ce ƙashin ya haɗe da kyau, in ya bi a hankali zai koma wasa baɗi.

Tun daga nan Auta ta gane cewa 'yan wasa mutane ne, suna gajiya, suna jin ciwo, wata rana su ci, wata rana a cinye su. Mai goyon baya na gaskiya ba ya gudu ranar da aka sha kashi. Ta kuma koyi cewa lafiyar mutum ta fi kofi, kuma faɗar gaskiya da wuri tana hana babbar ɓarna.