Ɗigon Rawaya a Gangar Sanjok

Washegarin babbar ranar bikin Dashain, lokacin da kowane goshi a Patan ke ɗauke da jan ɗigon albarka, Bikalpa Rai ya buɗe ɗakin da suke gwajin kiɗa ya tarar an yi masa sata. Kwaɗo na nan a kulle yadda ya bar shi. Gitocinsa na rataye a bango, kwamfuta na kan tebur, lasifikoki ko motsa su ba a yi ba. Abu ɗaya ne babu: ɗan baƙin akwatin ajiya, girman tafin hannu, da ake jona wa kwamfuta. A cikinsa faifansu na uku yake, ba a ko gama tace shi ba. Wanda ya buga gangunan faifan, Sanjok Maharjan, ya rasu tun damina, zaizayar ƙasa ta tafi da motar da ya shiga a hanyar Pokhara. Kwafi kuwa babu shi ko'ina a duniya.

A caji ofis aka rubuta maganarsa, aka ce ya dawo bayan biki. Don haka ya nufi bakin tafkin Pimbahal, inda Purna Dangol, tsohon hawaldar, wato sajan ɗan sanda, ke zama kullum yana jefa wa kifi busasshen burodi.

Purna irinmu ne, tsofaffin da ƙasa ta haɗiye ta tofar. Bai taɓa zama a aji ba, da babban yatsa ya sa hannu ranar da ya shiga aikin ɗan sanda, da shi kuma ya sa ranar da ya bari. An harbe shi a tsaunuka lokacin yaƙin 'yan tawaye, ya sauko da ƙafarsa. Ranar babbar girgizar ƙasa bango ya binne shi har ƙirji, ya fito yana tambayar ina hularsa. In ka zauna kusa da shi, sai ka ji duk wannan kafin shayinka ya huce. Kuma ba ƙarya yake ba.

"Aja," in ji Bikalpa, wato kaka, "ba kuɗi aka ɗauka ba. Hannun mamaci aka ɗauka. In wannan akwatin ya tafi, Sanjok ya mutu sau biyu."

Purna ya kakkaɓe wando ya tashi.

A hanya saurayin ya ba shi tarihin ƙungiyar, ko da yake rabin unguwa sun san shi ta tagoginsu. Sunansu Masan Ganit, wato Lissafin Maƙabarta. Kiɗansu shi ne wanda samari ke kira det metal, mai wuyar cikinsa ma, inda mawaƙi ke gurnani daga ƙasan ciki, mai ganga na buga manyan ganguna da ƙafa biyu, kari na canzawa kafin ka kama shi. Faifansu na farko, Ƙashi da Waya, sun yi shi zamanin ɗauke wuta, shi ya sa waƙoƙinsa duk gajeru ne: sai an gama kafin fitila ta mutu. Na biyu, Ƙasa Ta Juya Kwanciya, a rumfar kwano suka ɗauke shi bayan girgiza, shi ya kai su Bangalore, har wasu a Jamus suka nemi su zo. Daga nan suka sallami mai gitar bas ɗinsu. Na uku kuma shi ne wanda Sanjok ya ce zai sa a daina kiransu masu kwaikwayon Turawa.

Purna ya ce shi dai a kunnensa kamar ana yanka ɓauna ne a garejin babura. Amma ya yarda yaron nan Sanjok yana da hannu, don jinin Maharjan ne, gidan da ke buga babbar gangar dhime tun kafin a gina rabin garin.

A ɗakin bai taɓa komai ba. Ya duba kwaɗon, ba ƙwarzane. Ya dubi gitoci, kowace da jan ɗigo a wuya, don a rana ta tara ta biki kowa na yi wa kayan sana'arsa albarka, direba ga motarsa, maƙeri ga gudumarsa. Sai ya ɗaga mayafin da aka rufe gangunan mamacin da shi. A bakin babbar gangar akwai ɗigon rawaya, ɗanye, bai gama bushewa ba, da ƙwayar shinkafa manne a jiki.

Ya tambayi Bikalpa ko shi ya sa. Bikalpa ya ce tun ranar rasuwar bai iya ɗaga mayafin nan ba. Purna ya mayar da shi yadda yake, ya tambaya su wa ke da makulli. Bikalpa ya ce shi, da matar da ta ba su hayar ɗakin, sai Sanjok.

Matar gidan, Didi Mithu, tana sama tana soya burodin shinkafa. Kowa ya san sau nawa ta yi rantsuwar sai ta kori yaran.

"Didi," in ji Purna, wato yaya, "an ce kiɗan nan ya hana ki barci."

"Ya hana ni barci, ya hana kajina ƙwai. To sai me?"

"Kina da makulli."

"Ina da shi. Hawaldar, in da zan yi sata a ɗakin nan, wancan ƙaton baƙin akwatin mai ihu zan ɗauka in jefa rijiya. Wannan da kuke nema ko da sabulu ba zan bambance shi ba."

Ta ce tun rana ta takwas ta biki tana Bhaktapur gidan yayanta, da safen nan ta dawo, makullinta kuma a ƙugunta ya yi tafiyar. Ta kwance haɓar zani ta nuna. Purna ya dubi goshinta, ja ne jawur har yana zubowa kan gira. Ya karɓi burodi biyu ya sauko.

Na biyu da ake zargi shi ne Utsav Gurung, mai gitar bas ɗin da aka sallama. Yanzu a wani gidan abinci a Jhamsikhel yake, yana yi wa baƙi waƙoƙin soyayya masu sanyi. Da ya ga Bikalpa a bayan tsohon, sai ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce ashe malamin lissafi ya ɓatar da allonsa.

Purna ya tambaye shi me ya raba su. Ya ce yatsunsa ne ba sa iya bin gudun faifai na biyu, aka gaya masa haka a gaban mutane. Washegari aka canza kwaɗo, kamar shi ɓarawo ne. Sanjok kaɗai ya biyo shi har gida da haƙuri.

"Ke nan kana da dalili."

"Ina da dalilin fasa wa wannan hanci, Aja, ba na taɓa aikin Sanjok ba. Da kafaɗata aka kai gawarsa bakin kogi. In da akwatin na hannuna, da yau duniya ta ji shi." Ya juya ga Bikalpa. "Ka tambaye shi dai, wane irin mahaukaci ne ke ajiye faifai guda ba kwafi."

Goshin Utsav ma ja ne. Purna ya bar shi.

A kan gadar dawowa ya tsaya, ya ce to, a amsa tambayar Gurung. Bikalpa ya ce ba sakaci ba ne. Sanjok ne ya sa suka rantse kada a kwafa, kada a tura wa kowa ko ɗan guntu, sai ya yi magana da mahaifinsa tukuna. Ya yi ta ɗaga maganar har damina ta zo. Bayan rasuwarsa kuma Bikalpa ya kasa karya alkawarin mamaci. Me Sanjok ke son gaya wa uban? Bikalpa bai sani ba. Ya dai san waƙar buɗe faifan tana farawa da wani kari da bai taɓa jin irinsa ba, kuma duk faifan a kansa aka gina shi.

Purna ya ce ya buga masa. Saurayin ya fara bugawa da tafin hannu a kan ƙarfen gada. Bai yi nisa ba tsohon ya cafke hannunsa, ya riƙe gam.

"Wa ka taɓa buga wa wannan?"

"Ba kowa. Sai mahaifin Sanjok. Da na je gaisuwa kafin biki, na ce masa za mu fitar da faifan don sunan ɗansa ya rayu. Na buga masa a gwiwata, don ya ji daɗi."

"Ya ce me?"

"Ya tambaye ni a ina muke ajiye faifan kawai."

Purna ya saki hannun. Mutumin da harsashi bai sa ya zauna ba, ya nemi dutse ya zauna.

Bikalpa ɗan gabas ne, mutumin tsaunuka, ba laifinsa ba ne da bai sani ba. Amma duk wanda ya koyi dhime a Patan ya san wannan karin. Shi ne kiran Nasa Diyo, ubangijin makaɗa, wanda ɗakinsa rami ne a bango. A ɗaki a kulle ake koyar da shi, baki da baki, bayan an yanka zakara. Ba a buga shi sai a gaban ramin, ko in za a buɗe kiɗan ibada. Wanda ya kai shi kasuwa, an ce, ya kira abin da ba zai iya sallama ba. Purna ya koye shi yana yaro, a ɗaki ɗaya da mahaifin Sanjok, kuma a al'ada zakaran sai na sata. Su biyu suka sato shi. Yakan ce ita ce sata ɗaya da ya yi a rayuwarsa, kuma ba a kama shi ba.

Suka sami Hira Kaji Maharjan, mahaifin Sanjok, a tsakar gida da la'asar, zaune a tabarma, dhime ɗinsa a rataye a ƙusa, an juya fuskarta bango. A goshinsa akwai ɗigon rawaya. Gidan da aka yi mutuwa ba ya sa ja sai shekara ta zagayo.

"Pasa," in ji Purna. Aboki ke nan, a bakinmu.

"Na san kai za a turo. Zauna."

Purna bai zagaya ba. Ya ce kwaɗo ba a fasa ba, makulli uku ne, biyu an ga inda suka kwana, na uku yana cikin kayan mamaci. Ɓarawon kuɗi gita zai ɗauka. Maƙiyi ba ya yi wa ganga albarka. A duk Patan jiya, hannun da zai sa rawaya a maimakon ja, hannun mai makoki ne. Kuma mutum ɗaya ne aka buga wa kiran a gwiwa.

Hira Kaji ya saurara har ƙarshe, ya ce ba a rage komai ba.

Bikalpa ya durƙusa a gabansa. Ya ce ba zai kai ƙara ba, ba zai gaya wa kowa ba. Za su yanke karin daga faifan, za su yanka zakara, za su yi duk abin da aka ce. A dai ba shi akwatin.

Tsohon ya shiga ɗaki ya fito da ƙullin farin ƙyalle, ya kwance. Wani baƙin dunƙule ne, roba da ƙarfe sun narke sun haɗe. Ya ce da asuba ya kai shi Shankhamul, bakin kogi, daidai inda ya ƙona gawar ɗansa. Ya roƙi masu ƙona gawa su bar masa gefen wuta.

"Ni na sa wa yaron nan karin a hannu," ya ce. "Ya buga shi inda bai kamata ba, dutse ya sauko masa. Kai kuma ka zo kana murna za ka watsa shi duniya da sunanka a kai. Na ƙona ɗa ɗaya. Ku mutanen gabas binnewa kuke yi, na sani. Ban so uwarka ta haƙa rami ba."

Bikalpa ya ce ruwan sama ne ya kawo zaizayar, Guru, wato malam, mutum nawa ne a motar da ba su taɓa riƙe ganga ba? Hira Kaji ya ce mai yiwuwa. Ya ce shi ma yakan faɗa wa kansa haka. Amma in ba haka ba ne fa?

Saurayin ya juya ga Purna, kamar mai jiran a yi wani abu. Purna ya kama 'yan fashi a daji, ya kwance ƙullin da manyansa suka kasa, kuma wannan ma ya kwance shi tsakanin safiya da la'asar. To sai me? Wa zai ɗaure? Me zai mayar wa mai shi? Ya tambaya ko akwai masu gyara irin wannan a Delhi ko wani wuri. Bikalpa ya juya dunƙulen a hannunsa, ya girgiza kai. Ya ce gita ana iya sake bugawa, murya ana iya sake ɗauka, amma babu mai ƙafar Sanjok daga nan har teku. Masan Ganit faifai biyu gare su. Haka za a rubuta.

Ya naɗe ƙyallen ya miƙe. Har ya kai ƙofa tsohon ya kira shi.

"Kancha." Haka yake kiran ɗansa. "Ban saurara ba kafin in sa shi a wuta. Ban san yadda ake kunna shi ba, kuma da na sani ma ba zan iya ba. A karin nan, wurin da hannun hagu ke shiga a makare, nan yake tuntuɓe tun yana ƙarami. Ya buga shi daidai?"

"Bai kuskure ko ɗaya ba, Guru. Da ƙafa ma ya buga shi."

Hira Kaji ya gyaɗa kai a hankali, ya ci gaba da gyaɗawa, idonsa a kan gangar da ke kallon bango.

Purna ya koma bakin tafki. Ranan nan wani ya zauna kusa da shi da shayi, ya ce hawaldar, an ce yau ma ka kama ɓarawo, ba mu labari. Ya miƙa wa mutumin ragowar burodin, ya ce ya jefa wa kifi.