Rabin Cokalin Umma

Dakta ta ɗaga katifar surukarta za ta gyara shimfiɗa, sai ga kwalba ta gangaro, bakinta duk danƙo, tururuwa sun yanyame ta. Maganin mura ne na manya, mai sa barci. Shekara tara tana bincike a jami'a kan yadda magunguna ke taɓa ƙwaƙwalwar jarirai, ashe 'yarta mai wata biyar ake ɗura wa a gida! Ita kuwa kullum ta dawo aiki sai yabon yarinya take, wai ba ta da rigima.

"Umma, mene ne wannan?"

"Rabin cokali ne fa!" in ji surukar, ko a jikinta. "Da shi na raini mijinki. Ke da kike yini da ɓeraye—tir!—ke za ki koya mini raino?"

Maigidan ya sunkuyar da kai. "Don Allah, ki bar maganar. Uwata ce."

Wannan magana ta fi kwalbar ba ta ƙyama. Mutumin da ya tsaya mata har ta gama digiri na uku, yau ya zama hoto! Ta sha kukanta, ta jawo akwati, ta kuma mayar. Kwana uku tana tafiya aiki da goyonta. A na huɗu ta ce masa, "In har kana sona, kawo Umma ɗakin gwajinmu."

Umma ta shigo tana toshe hanci da mayafi. Dakta ta saki ɓeraye biyu a akwati mai lunguna, abinci na can ƙarshe. Na farko ya zarce ya ci. Na biyu ya yi ta zagaye yana karo da bango.

"Wannan mahaukaci ne?"

"Uwarsu ɗaya, Umma. Shi aka ɗiga wa maganin barci yana jariri. Daidai jikinsa, rabin cokalinki ke nan."

Mayafin ya zame daga hancin Umma. Maigidan ya karɓi 'yarsa, idonsa jajir. "Sori, masoyiya. Na ji kunyar uwata, na manta da 'yata."

Da hannunta Umma ta tuttular da kwalbar a kwata. Yanzu yarinya kan yini tana tsala ihu, kakarta na jijjiga ta: "Yi abinki, ja'ira, kukan ya fi mini!"

Haƙuri ba kame baki ba ne a kan cuta. Dakta ta danne fushinta, ba ta danne gaskiya ba, sai ga shi ta tsira da 'yarta da aurenta.