Wanda Ya Biya Kuɗin Magani

A kan bencin gidan likita Raudatu ta fara ganinsa, hannunta na dama naɗe da bandeji, takardar magani a cinyarta. Wani siriri ne mai jakar roba da takalmin da ya sha ɗinki. Ya yi sallama, ya ce sunansa Alkasum, daga ƙungiyar da ke tsaya wa waɗanda aka zalunta.

Ta dube shi sama da ƙasa ta taɓe baki. Ta san irinsu. Su ɗauki hotonka, su tambayi sunan kakanka, shi ke nan sai a lahira.

"Mushe Alkasum, in hoto ka zo ɗauka, yau ban yi kwalliya ba."

"Ba na ɗaukar hoto, Malama. Miƙo takardar."

Shekaranjiya ne wani saurayi a kan moto ya fizgi jakarta a bakin Kasuwar Dole. Ta riƙe gam, ya zabga mata wuƙa a tafin hannu, ita da ke cin abinci da allura da zare. Ta kuwa gane shi sarai: Mahamud ne, ƙanin Alhaji Illa mai shagon atamfa. Illan nan shekara guda yana zarya ƙofar gidansu neman aurenta, turarensa na riga shi isowa, hankalinsa kuwa har yau bai iso ba.

A unguwarsu kowa ya san yadda ake yi. Dangin mai laifi su zo jaje da dattawa, su karɓi takardar magani su biya. Wanda ya bari aka biya masa ya rufe bakinsa ke nan, ƙara ta mutu. Talauci ke sa a miƙa takardar, kunya kuma ta ƙarasa sauran.

Kafin la'asar Alkasum ya dawo da magani daga asusun gaggawa na ƙungiyarsu, ya sa likita ya rubuta shaidar rauni, ya raka ta komisariya ta kai ƙara wurin 'yan sanda.

Da Illa ya iso da dattawa uku da rago, ya baje riga a zaure gaban mahaifinta yana faɗin, "Ai abin gida ne, Baba. Kawo takardar mu ɗauke muku nauyi."

Daga bayan ƙofa Raudatu ta ce, "An riga ka, Alhaji. Koma da ragonka, ba suna ake yi ba."

Mahaifinta, Malam Lawan, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Bayan sun fita ya rufe ta da faɗa.

"Ki janye ƙarar nan! Mutumin da ke neman aurenki za ki kai ƙaninsa gaban alƙali?"

"Baba, da ya zo ko hannun bai tambaya ba. Takarda ya tambaya."

Wata uku ana fama. Maƙwabtan da ba su taɓa leƙo ta a gadon jinya ba duk suka zama malaman haƙuri. Alkasum ne kaɗai ke zuwa, ya karanta mata dosiye, wato takardun ƙarar, da Hausa, ya nemo mata lauya, ya zauna gefe yana kau da kai idan ana wanke ciwon. Ba ta san ranar da ta fara gane ƙarar motonsa ba. Ta dai kamu, kuma ta ji haushin kanta ƙwarai.

Ta danne kunya ta rubuta masa da hannun hagu: "Mai jakar roba, yau ban gan ka ba, gari ba daɗi."

Amsa ta zo: "Malama Raudatu, zaman kotu ranar Talata ƙarfe tara. Kar ki manta shaidar likita."

Ta wurga wayar kan katifa. Ashe a wurinsa ita lambar dosiye ce, 'yar maula da aka taimaka wa. To ya riƙe tausayinsa.

A makon ne Illa ya aiko ƙanwar uwarta da keken ɗinki sabo fil. Abu ɗaya ake so, ta ce ba ta ga fuskar ɓarawon da kyau ba. Raudatu ta shafa keken, ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce a mayar masa.

Ranar Talata ta wuce Alkasum kamar ba ta san shi ba. Ta tsaya gaban alƙali, ta buɗe tafinta, ta nuna Mahamud da yatsa. Aka yanke masa hukunci. Illa ya fice yana tattare riga, ko dattawansa bai jira ba.

Ba ta kai gida ba saƙo ya shigo: "An rufe dosiye. Dokar aikinmu ta hana ni neman wadda nake tsaya wa, don kar ta ɗauka magani na saye ta da shi. Wata uku ina cizon harshe, Raudata. Ina son ki. In zo gaishe da Baba?"

Ta yi dariya da hawaye. Ta rubuta: "Masoyina, ka zo. Amma ka shirya, haushinka yake ji."

Malam Lawan kuwa ya rantse ba zai ba da 'yarsa ga wanda ya ja sunan gidansa zuwa kotu ba. Alkasum ya yi ta zuwa, yana durƙusawa, ana amsa masa a daƙile. Sai ranar da wani manomi daga Gaffati, wanda aka sace wa shanun noma, ya yi sallama yana tambayar gidan yarinyar da ta ƙi janye ƙara, don ta nuna masa ofishin da ta je. Malam Lawan ya raka shi da kansa, da ya dawo kuma ya amince wa Alkasum.

Bayan sallar layya aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Malam Lawan ya kama hannunta na dama, ya daɗe yana duban tabon.

"Saura kaɗan in sayar da bakinki da kuɗin magani, 'yata. Ki yafe mini."

Ta fashe da kuka. Ya ɗora hannun cikin na Alkasum.

"Ga ta nan. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku 'ya'yan da ba sa yin shiru."