Santimita Goma

Kwali ne ya fara faɗuwa, zuciyar Huzaifa ta biyo baya.

A bakin kasuwar Canaan ta birnin Guangzhou abin ya faru, inda 'yan kasuwar Afirka ke turereniya da buhuna. Wata budurwa ɗauke da kwali ta yi tuntuɓe, tutoci ja da fari suka watsu a ƙasa. Huzaifa, ɗan Kano mai tura wa mutane kaya gida, ya durƙusa yana tattara mata.

"Sannu 'yar'uwa. Kayan Indonesiya ne?"

"Na Monako ne," ta ce. "Launin ɗaya ne, ja a sama, fari a ƙasa. Amma tamu ta fi gajarta."

"Taku? Da wannan Hausar Damagaram ɗin?"

Ta kwashe da dariya. Kafin su rabu ya san sunanta Balkissa, ya karɓi lambarta, ya kuma maƙale tuta ɗaya a jakarsa.

Mahaifinta, Alhaji Maidaji, shekara ashirin da biyu ya yi yana ɗinka tutoci a tashar jiragen ruwa ta Monako kafin ya buɗe shago a Canaan. Labarin ƙasar shi ne tatsuniyar gidansu, shi kuma ya zama hirar masoyan a waya.

"Tauraruwata, yau me za a koya mini?"

"Ƙasar duka da ƙafa za ka ratsa ta cikin awa ɗaya. Da fili ya yi musu kaɗan, sai suka cike bakin teku suka yi gini a kai."

"To sarautar fa?"

"Gida ɗaya ne sama da shekara ɗari bakwai. An ce kakansu shigar malamin coci ya yi, takobi a cikin riga, aka buɗe masa ƙofar ganuwa."

"Ni ma da tsintar kwali na shigo."

"Kai dai ɓarawon tuta. Na ƙirga, ɗaya babu."

Ranar da ya je gaida Alhaji, ya tarar da Waris a shagon, wani matashi mai sayar da turare, bakinsa cike da Faransanci, wanda ya daɗe yana neman Balkissa. Alhaji na tsakiyar labari.

"Sarki na nan, majalisa na nan, mutum ashirin da huɗu kacal, kuma komai na tafiya daidai. Ga gidan caca da duniya ke tururuwa a kai, amma doka ta hana ɗan ƙasa ya yi. Kun ga masu hankali?"

Huzaifa ya so ya sa dattijon dariya. "Alhaji, ƙasar da ko Fagge ba ta kai ba?"

Babu wanda ya yi dariya sai Waris.

"Wanda ya raina ƙaramin abu ba na ba shi 'yata," Alhaji ya ce da Balkissa bayan an watse. Kwana uku tana lallami kafin ya sauko, shi ma da sharaɗi. Tsohon maigidansa na Monako ya aiko yana son tutoci dubu uku, na bikin ranar ƙasa da ake yi sha tara ga Nuwamba. Kwana goma ya rage a sa su a jirgin sama.

"Ya kawo su daidai. Idan ya iya, sai mu yi magana."

Huzaifa ya nufi wata masana'anta a guje. Lawban, wato mai wurin, ya girgiza kai: sabon ɗinki sai sati biyu. Amma ya buɗe sito ya nuna masa tutoci jibge, ja a sama, fari a ƙasa, ya ce ai duk ɗaya ne. Cikin kwana uku kwalaye suka sauka a shagon Alhaji a ɗaure. Har dattijon ya ce, "Madalla."

Washegari da safe, ana shirin kai su filin jirgi tun kafin lokaci, Huzaifa ya fito da tutar nan da ya ɗauke wa Balkissa, ya shimfiɗa ta a kan samfurin sababbin da ya rage a ofishinsa, don kawai ya ɗauki hoto ya tura mata. Sabuwar ta zarce da faɗin tafin hannu. Tutar Indonesiya ya saya, guda dubu uku.

Kwalayen a rufe suke. Alhaji bai duba ba, ya riga ya yaba. Idan Huzaifa ya yi shiru, wataƙila har a ɗaura aure ba a gane ba. Ya yi zaune dafe da kai, sannan ya ɗauki reza ya tafi Canaan.

A gaban Alhaji da Waris ya farke kwali, ya jera tutocin biyu.

"Alhaji, na yi kuskure. Gaggawa ce ta ja ni."

Waris ya taɓe baki. "A tura kawai, Alhaji. A saman jirgin ruwa wa zai tsaya awo?"

Alhaji ya harari Waris. Sannan ya juya ga Huzaifa. "Shekara ashirin da biyu ban taɓa kai musu tutar wata ƙasa ba. Kwashe kayanka."

Bai kai tashar jirgin ƙasa ba saƙonta ya shigo.

"Maganar farko da na taɓa yi maka a duniya ita ce tamu ta fi gajarta. Ashe ba ka saurare ni ba."

"Na ji ki, Balkina. Laifina ne, idonki nake kallo. Ki ba ni kwana shida."



Ya ɗauki teloli biyu a unguwar Sanyuanli, ya sayi almakashi. Faɗin daidai yake, tsawon ne ya yi yawa: a yanke santimita goma, a kalmashe baki. Ya rufe ofis, yana yanka suna ɗinkawa, har yatsunsa suka yi bororo. A rana ta huɗu tela ɗaya ya samu wani aiki ya gudu. Huzaifa ya hau keken ɗinkin da kansa.

Yana cikin fama da zare ya ji murya a kansa.

"Subhanallahi! Wa ya koya maka kalmasa haka, kamar hanyar maciji? Matsa."

Alhaji Maidaji ne, tef ɗin awo a wuya, Balkissa a bayansa riƙe da kular abinci. Dattijon ya zaro tutoci biyar daga wurare daban-daban ya auna. Faɗi santimita arba'in, tsawo hamsin, dukkansu. Ya naɗe hannun riga ya zauna, keke ya ɗauki kuka.

"Kai yanka, ni ɗinki. Abin da ka iya ke nan." Bai ɗago ba ya ƙara da cewa, "Idan kaya sun tashi, ka ce wa magabatanka su je Damagaram."

Balkissa ta sunkuya tana tsince guntayen ƙyallen da ke ƙasa tana zubawa a buhu, don kada a ga fuskarta.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure a Damagaram, aka yi walima a Guangzhou. Da Huzaifa ya shiga zauren sai ya tsaya cak. Daga bango zuwa bango igiyoyin ado ne ja da fari, guntaye dubu uku da amarya da ƙawayenta suka kitsa.

Alhaji ya ɗaga hannu. "Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuriya ɗayyiba. Ko gidanku ƙarami ne, Allah Ya sa ya ishe ku."

Zauren ya amsa da amin.

Huzaifa ya karkato yana nuna adon. "Malama, wannan kuma tutar wace ƙasa ce?"

Ta gyara mayafi, tana murmushi.

"Tamu ce."