Ruwan Zafin da Aka Zuba Ba Bisimilla

Ku matso, ku rage murya. Wannan da rana tsaka ya faru.

Kun san tsohuwar tashar binciken nukiliya ta bayan dutse. Shekara da shekaru masana suna gwaji a can, ruwan da ya sanyaya tukunyarsu yana gangarawa da zafinsa cikin wani rami. Ko ƙaramar yarinya ta san ba a zubar da ruwan zafi a ƙasa sai da bisimilla, don masu wuri su janye 'ya'yansu. Masanan kuwa ba su taɓa yi ba.

Da aka rufe tashar, aka kwashe ƙarafa, sai ramin ya rage. Aka ɗauko Sallau, direban motar kwaɓa siminti, ya cike shi da kankare.

Ya ja da baya har bakin ramin. Sai ga mace tsaye a gefen tagarsa. Motar doguwa ce, amma fuskar matar daidai da tasa. Ya leƙa ƙasa. Ƙafafunta sun saluɓe, tururi na tashi daga sawunta.

"Bawan Allah, dakata."

"Baiwar Allah, an hana shiga nan."

"An hana? Mu kuka tarar." Muryarta kamar daga cikin randa. "Kun dafa mana gida, mun yi shiru. 'Ya'yana uku na ƙasa. Sun ƙone, rarrafe suke yi. Ba ni lokaci zuwa la'asar."

Sallau ya kashe mota. Injiniyan da ke kula da aikin ya taho a fusace.

"Malam Sallau, kankare zai daskare a cikin mota!"

"Ranka ya daɗe, akwai masu fitowa."

"Su wa? Na'ura ta ce ba komai a ciki!"

"Na'urar taku ta taɓa yi wa wani sallama?"

"Sauka! Ka gama aiki a nan."

Sallau ya sauka, ya durƙusa a bakin ramin. "Masu wuri, ku yi sauri!"

Injiniya ya tayar da mota, ya saki kankaren da hannunsa. Inuwa biyu suka gifta ta gefen Sallau. Biyu kawai.

Matar ba ta yi kuka ba. Ta dafa kafaɗarsa. "Kai tafi. Kada ka waiwaya."

Ya tafi. A bayansa ya ji injiniya yana ihun a kawo ruwa, ƙasa na cin tafin ƙafarsa ta cikin takalmi.

Har yau raɓa ba ta kwana a kan kankaren nan. Uwar tana zagaye shi, duk wanda ta gani shi kaɗai sai ta tambaye shi ko ma'aikacin tashar ne. Kada ɗayanku ya bi ta wurin ba abokin tafiya. Ta daina jiran amsa.