Randar Gidan Gwadabe

Ruwa mai launin shuɗi yana zagayawa cikin siraran tiyo masu haske kamar gilashi. Yakan bi ta kan ƙwaƙwalwar kwamfutar ya kwashe zafinta, sannan ya sulale ta wata kafa a bango ya ɓace. Ba a jin komai a ɗakin sai gurnanin ɗan famfon da ke tura shi. Alhaji Mudi Gwadabe, tsohon alƙalin Birnin Tsauni, ya ɗora tafin hannunsa a jikin akwatin kwamfutar, ya ji shi da sanyi kamar dutsen bakin rafi, ya gyaɗa kai.

Shekara tara ke nan yana aiki guda: tattara hukunce-hukuncen alƙalan birnin na shekara ɗari uku a littafi ɗaya. Kwamfutar gidansa ce ke karanta tsofaffin takardun ajami da gara ta ci, tana cike gurbin abin da ya goge ta hanyar gwada shi da dubban wasu takardu. Aiki ne mai sa na'ura ta yi zafi ainun. A shekara ta 1512 bayan Hijira kuwa, zafi ba abin da mutum zai zubar a titi ba ne yadda ya ga dama. Rana ta riga ta fi ƙarfin garin, don haka Hukumar Zafi ta yanka wa kowane gida iyakar abin da zai fitar, ƙananan jiragenta marasa matuƙi suna shawagi bisa rufin gidaje suna aunawa. Tsohon lagireton da ke fitar da zafin kwamfutar a kan soron Alhaji ya kai iyakar da aka yanka masa, kwamfutar kuma tana tafiyar hawainiya.

Shi ya sa ya kira ɗansa Sagir, wanda ya yi karatun injiniya, ya ce masa, "Shekaruna tamanin da ɗaya. Na'urar nan ta ce saura shekara huɗu. Ban yi alkawari da kowa cewa zan kai ba. Ka san yadda za ka yi."

Sagir ya yi kwana uku yana aiki. Ya canza famfo, ya sa sabon faifan jan ƙarfe a kan ƙwaƙwalwa, ya ja sababbin tiyo ta cikin bango. Daga ranar shekara huɗu ta koma wata biyar, jiragen hukuma kuma ba su taɓa tsayawa a kan gidan ba. Alhaji bai bar majalisar da bai ba da labarin ɗansa ba.

Akwai abu ɗaya da gidan Gwadabe ya fi alfahari da shi a kan alƙalanci. A ƙofar gidan, ƙarƙashin inuwar zaure, akwai wata babbar randa da aka binne gindinta cikin yashi mai laima, da moda a rataye. Kakan kakan Alhaji ne ya fara ajiye ta domin masu wucewa, kuma ya bar wasiyya cewa ɗan gidan ba ya shan ruwanta, domin abin da aka bayar sadaka ba a komawa a ɗanɗana. Lokacin da aka kafa Hukumar Zafi, ta so ta riƙa binciken randunan ƙofar gida kamar sauran kayan ruwa. Alhaji Mudi ne, yana kan kujera, ya yanke cewa randar sadaka ba ta shiga bincike, ya kafa hujja da hukunci bakwai na magabata. Randa ɗari uku da goma sha biyu suka tsira a birnin saboda wannan hukunci.

Ranar wata Laraba da hantsi, kwana arba'in da gama aikin Sagir, Hajiya Laure ta shigo ba tare da ta jira an yi mata iso ba. Taubashiyarsa ce, 'yar ƙanwar mahaifinsa, ita kaɗai ce a duniya take gaya masa magana yadda ta zo bakinta.

"Alƙalin ƙauye," in ji ta, "ashe shayi ka koma rabawa? To ka riƙa sa ganye da sukari mana, rowa ta yi yawa."

"Laure, tsufa ya fara taɓa miki kai. Wane shayi?"

"Taso ka gani. Kawo hannunka, kada ka faɗi a ce ni na ture ka."

Ta kai shi ƙofar gida, ta ɗage faifan randar, ta kama hannunsa ta tsoma. Ya fizge da sauri. Ruwan ya yi zafin da za a yi wa mai jego wanka da shi. Ya sake zura hannu a hankali har ƙasa, yatsunsa suka taɓa wani abu mai santsi a naɗe kamar maciji. Bututun jan ƙarfe ne, ya shigo ta gindin randar daga cikin yashi.

"Tun yaushe?" ya tambaya.

"Tun kafin watan nan ya kama. 'Yan dako sukan ɗiba su kurɓa, su ce alhamdu lillahi saboda kana zaune a dakali, in sun sha kwana su tofar."

"Liman ya sani? Mai unguwa ya sani?"

"Har kajin unguwa sun sani. Wa zai dubi idonka ya faɗa? Wasu ma cewa suke da gangan ka yi, don ka gaji da ɗawainiya."

Alhaji ya tuna kwana arba'in da ya yi yana zama a wannan dakali, yana amsa gaisuwa, yana ce wa masu wucewa bismillah ga ruwa. Ya aika a kira Sagir.

Sagir ya zo ya durƙusa a zaure. Bai yi musu ba.

"Baba, zafi ba ya ɓacewa, sai dai a kai shi wani wuri. In na kai soro, jirage su gani. Wuri ɗaya ne a gidan nan da doka ta hana a auna."

"Dokar da na yanke da hannuna."

"Ita ce, Allah ya ƙara maka lafiya."

"Ka kuma san ba mai shan ruwan a cikinmu, balle ya gane."

Sagir ya sunkuyar da kai. "Na ɗauka wata biyar ne kawai. In littafin ya kammala in cire, ba wanda ya ji."

"Na karanta shari'ar ɓarayi ta shekara ɗari uku," in ji Alhaji. "Na ga wanda ya saci akuyar maraya, na ga wanda ya ci iyakar gonar makaho. Ban ga wanda ya sace sanyin ruwan sadaka ba. Kai ne na fari, kuma daga gidana ka fito."

"Baba, ka gafarce ni in faɗi ɗaya." Ya ɗago kai kaɗan. "Ranar da na gama, ka taɓa akwatin ka sa mini albarka. Ka tambaye ni kwana nawa ya rage. Na jira ka tambaye ni inda zafin yake zuwa. Wallahi da ka tambaya da na faɗa."

Hajiya Laure ta juya tana gyara mayafi.

A ranar Alhaji ya sa aka zare bututun, aka liƙe gindin randar, aka mayar da kwamfutar kan tsohon lagireto. Allonta ya nuna saura shekara biyu da wata goma sha ɗaya. Alhaji ya umarci Sagir ya kwashe kayan aikinsa daga gidan.

Sai dai magana ta riga ta fita. Kafin mako ya zagayo, an kama gida goma sha ɗaya a wasu unguwanni da suka ji dabarar suka kwaikwaya. Hukumar Zafi ta kai ƙara, sabon alƙali kuma, wanda Alhaji ne ya koya masa aiki, ya yanke cewa tunda randar ƙofa ta zama maɓoyar zafi, ba ta da sauran kariya, kuma hukuma ba ta da ma'aikatan da za su bi randa sama da ɗari uku suna dubawa. A ɗauke su duka. Alhaji ya karanta hukuncin sau biyu yana neman kuskure a cikinsa, bai samu ba. Da shi ne a kan kujerar, abin da zai yanke ke nan.

Ran Asabar motar hukuma ta bi layi-layi. Mutum huɗu suka cicciɓi randar gidan Gwadabe, suka bar rami mai laima a cikin yashi.

Da azahar, rana tana tsakiyar ka, wani ɗan dako ya tsaya da kurarsa a ƙofar gidan. Dattijo ne, gumi ya jiƙa masa riga har ƙugu. Ya nufi inuwar zauren kamar yadda ƙafarsa ta saba, sai ya ga ramin, ya tsaya.

Alhaji ya miƙe daga dakali da sauri har sandarsa ta faɗi. "Bawan Allah, shigo ciki. Akwai ruwa mai sanyi, yanzu za a kawo maka."

Mutumin ya goge fuska da gefen rigarsa, ya russuna.

"Na gode, ranka ya daɗe. Shekara ashirin ina sha a nan, ban taɓa roƙon kowa ba. Na cikin gida kuwa sai an yi sallama an roƙa."

Ya kama hannun kurarsa, ya tura ta cikin rana.